Wane wasan bidiyo ne zai sa ni dariya?

"Malam, barka da ƙoƙari. Watannin nan aiki ya sha mini kai, kullum ina dawowa gida a gajiye, raina a cunkushe. Ƙanena ya sa mini wasanni a kwamfuta, amma duk na harbe-harbe ne da tseren mota, ina taɓawa sai in ji gajiyar ta ƙaru. Ni dai dariya nake nema, irin wadda mutum zai yi har ya riƙe ciki. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ce, ba wani ƙarfi gare ta ba, sai kuma waya. Ina karanta Turanci ba laifi, amma in ana zuba shi da sauri ba na kama duka. Galibi ni kaɗai nake yi, ranar hutu kuma da ƙannena biyu, ɗaya shekararsa 11, ɗaya 17. Da wanne za ka ba ni shawara in fara?"

Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya huci gajiya. Na ji daɗin yadda kika zayyana halin da kike ciki, domin yawancin masu kawo mini wannan tambaya cewa kawai suke yi "wane gem ne ya fi ban dariya", alhali amsar ta rataya ne a kan abubuwan da kika riga kika faɗa: da wa za a buga, a kan wace na'ura, kuma kunnen mai bugawa yana kama harshen da aka yi barkwancin da shi ko ba ya kamawa. In na fahimce ki, kina son abin da za ki kunna a gajiye, ba sai kin yi mako guda kina haddar maɓallai ba, ya ba ki dariya tun a daren farko, kuma in ƙaramin ƙanenki ya leƙo ba sai kin yi wuf kin rufe kwamfuta ba.

Amsata a taƙaice ita ce ki fara da Untitled Goose Game. Amma bari in faɗa miki dalili, don in wannan ya ƙare ki iya zaɓar na gaba da kanki.

Abin da ya sa ban dariya ke da wuya a wasan bidiyo

Na daɗe ina koyar da masu son ƙera wasanni, kuma babban ɓangaren aikin shi ne in zauna a bayan mutum yana gwada abin da muka haɗa, in kame bakina, in zuba wa fuskarsa ido. A nan na gane cewa tsorata mai wasa ba wuya, ka rage haske ka sa wani abu ya faɗo masa ba zato, shi ke nan. Sa shi dariya kuwa jan aiki ne. Duk wanda ya iya ba da labari ya san inda zai ɗan tsaya, ya san inda zai saki maganar da za ta kwantar da mutane. In ya sake ta da wuri ta lalace, in ya makara ta huce. A fim mai shiryawa ne ke riƙe da linzami, shi ke yanke lokacin da za ki ga abu. A wasa kuwa linzamin yana hannun mai bugawa. Ka shirya masa abin dariya a bakin ƙofa, shi kuma ya ba ƙofar baya yana leƙen kwandon shara. Ko kuma ya kasa tsallake wani wuri, ya ji barkwancin nan guda sau goma.

Wannan na biyun ya taɓa ci na. Na haɗa wani ɗan ƙaramin wasa na ɗan aike mai ɗauke da tulin kwalaye, duk sa'ad da ya faɗi sai wata murya ta yi masa ba'a. Akwai magana ɗaya da na rubuta wadda nake ji da ita ƙwarai. Wanda ya fara gwadawa ya sheƙe da dariya a faɗuwar farko, ni kuma ina baya kaina na ƙara girma. A ta uku ya yi ɗan murmushi. A ta bakwai ya miƙa hannu ya rage sauti, ko waiwayo na bai yi ba. Abin da ya sa shi dariya har da dukan tebur daga baya wata tangarɗa ce da ban san da ita ba: kwali ɗaya ya maƙale a ƙafar ɗan aiken, ya yi ta jan sa yana ɗingishi, mai gwajin kuma ya ƙi cire shi, ya dage sai ya kai shi ƙarshen hanya a haka. Wannan dariyar ba ni na rubuta ta ba, shi ya yi abarsa.

Tun daga ranar nake kasa wasannin ban dariya gida biyu. Akwai waɗanda aka rubuta barkwancinsu, naki kawai ki saurara. Akwai kuma waɗanda suke ba ki kayan aiki, shirmen ya fito daga hannunki. Na farko suna buƙatar kunne, kuma sau ɗaya suke ci. Na biyu ba ruwansu da harshe, kuma ba sa saurin gundura, don duk zama abin da zai faru daban ne. Da gajiyarki da abin da kika ce game da Turancin sauri, na biyun ne naki.

Dinyar da ta addabi ƙauye

Untitled Goose Game ya fito a 2019. Mutum huɗu ne suka yi shi, a wani ƙaramin kamfani mai suna House House da ke Melbourne a Ostareliya. Sunan ma abin dariya ne, ma'anarsa "wasan dinya mara suna", sun sa shi ne na wucin gadi kafin su samo na gaske, mutane suka riƙe shi, suka bar shi a haka. Ke ce dinyar, wato babbar agwagwar nan mai dogon wuya da rashin kunya. An sake ki a wani ƙauyen Ingila mai tsafta da natsuwa, an ba ki takarda mai jerin ayyuka, kuma duk ayyukan ƙeta ne.

Abin da za ki iya yi kaɗan ne: tafiya, gudu, sunkuyar da wuya, buɗe fukafukai, cafkar abu da baki, sai maɓalli guda da ba shi da aikin komai sai kuka, irin kukan dinya mai firgita mutum. Ba mai magana a wasan ko ɗaya. Turancin da za ki karanta shi ne na takardar ayyukan, kuma gajeru ne.

Wurin farko lambu ne, da wani bawan Allah mai kula da shi, yana ta hidimarsa bai tsare wa kowa komai ba. Takarda ta ce ki jiƙa shi, ki sace masa makullai, ki jefa manjagararsa cikin tafki. Ba a gaya miki yadda za ki yi ba. Sai ki laɓe a bayan shuka kina kallon yadda yake zagayawa, ki ɗauke masa wani abu ya biyo ki, kafin ya dawo kin kunna famfon ban ruwa. Manjagarar ta fi ki nauyi, dole ki ja ta da baya da baya a ƙasa, shi kuma ga shi nan tafe. In ya cim miki ba ya dukanki, ba a kashe ki, ba a mayar da ke farko. Karɓe kayansa kawai yake yi, ya kore ki, ya tsaya yana kallonki hannu a ƙugu. Wannan rashin hukunci shi ne rabin daɗin wasan ga wanda ya gaji: ba abin da za ki rasa, in dabara ta ƙi sai ki sake wata.

Ki lura da yadda suka warware matsalar lokaci da na ambata. Sun ba ki maɓallin kuka, sun bar miki zaɓin lokacin dannawa. Ki danna a banza, mutum ya waiwayo kawai. Ki jira ya sunkuya ko ya ɗauki abu mai fashewa sannan ki danna, labari ya sha bamban. Ke ce mai barkwancin, mutanen ƙauyen kuma su ne abokan wasanki da ba su san da zancen ba. Kiɗan ma haka aka yi masa. Fiyano ne daga ayyukan Debussy, mawallafin kiɗa ɗan Faransa, aka yayyanka shi guntu-guntu, yana yin shiru in kina sanɗa, ya ɓarke da gudu in an biyo ki.

Na taɓa miƙa wa wani abokin aikina wasan nan, dattijo mai kamewa wanda ban taɓa jin ya ƙyaƙyata ba. Da farko ya ce shi bai ga amfanin cin zalin mutanen da ba su yi masa laifi ba. Can ya isa wurin wani yaro mai tabarau da ke tsoron dinya. Ya kwance masa igiyar takalmi, yaron ya sunkuya zai ɗaure, ya fizge tabarau ya ruga da shi. Ina kallonsa kafaɗunsa na rawa, yana ƙoƙarin danne dariyar, har ta ƙwace masa. Da ya gama sai ya ce, "Kai, wannan tsuntsuwa ba ta da tarbiyya," kamar ba shi ke tuƙa ta ba.

Wasan gajere ne, zama biyu ko uku kin gama babban labarin, sannan a ƙaro miki wasu ayyukan. A 2020 sun ƙara masa damar mutum biyu su buga tare a na'ura ɗaya, dinya biyu ke nan, don haka ranar hutu ke da ƙaramin ƙanen naki kun samu abin yi. Hotonsa mai sauƙi ne, ba ya wahalar da kwamfuta.

In wannan salon ya karɓe ki, akwai Donut County na 2018, inda kike tuƙa rami a ƙasa, duk abin da ya faɗa ciki ramin ya ƙara faɗi, daga ciyawa da duwatsu har gidaje. Yana nan a waya. Kakansu duka a wannan fanni shi ne Katamari Damacy na Japan, na 2004, wanda Keita Takahashi ya tsara: wani sarkin sararin samaniya ya farfasa taurari, ya aiko ɗan mitsitsin ɗansa duniya da ƙwallo mai danƙo ya naɗo kayan da za a yi sababbi. Ana farawa da ƙusoshi da tarkacen tebur, a ƙare ana naɗe shanu, motoci da benaye, mutane na ihu a jikin ƙwallon. An sabunta shi a 2018 da sunan Katamari Damacy Reroll.

Inda jiki ke ƙin bin umarni

Akwai wani reshe da dariyarsa ta ginu a kan abu guda: an ɗauki aikin da kowa ke yi ba tare da tunani ba, an mayar da shi tashin hankali. Wanda ya fi fito da wannan fili shi ne QWOP, da Bennett Foddy ya yi a 2008, ana buga shi kyauta a intanet. Ɗan tsere ne zai yi gudun mita 100. Maɓallan Q da W na cinyoyinsa, O da P na ƙwabrinsa. Yawancin mutane ba sa kai mita biyar kafin ya kife, wasu ma baya suke yi. Ki gwada shi minti goma, ya isa.

Octodad: Dadliest Catch na 2014 ya ɗauki wannan dabara ya sa mata labari, kuma ni a wurina shi ya fi daɗi a cikinsu. Wata halittar teku ce mai hannaye takwas marasa ƙashi ta sa kwat, ta yi aure, tana zaune da mata da 'ya'ya biyu a matsayin maigida, kuma kusan ba wanda ya gane. Aikinki ki yi hidimar gida, yankan ciyawa, zuwa kanti, ba tare da an yi zargin komai ba, alhali kowace ƙafa daban kike ɗaga ta, kuma duk abin da kika taɓa sai ya zube. Abin da ke kashe ni da dariya shi ne iyalin, ɗaki ya kacame, su kuma suna hira kamar ba abin da ya faru. Human: Fall Flat na 2016, wanda Tomas Sakalauskas ɗan ƙasar Lituweniya ya fara shi kaɗai, yana da ɗan mutum mai laushi kamar ƙullun fulawa, kowane hannu da maɓallinsa. Shi kaɗai ba laifi, amma da mutum biyu ne yake nuna kansa, sa'ad da ɗaya ke rataye a bakin gini, ɗayan ya zo ceto ya kama masa ƙafa, su tafi tare. Wannan ma yana nan a waya.

Sai dai in yi miki gargaɗi. Tsakanin dariya da haushi a irin waɗannan wasanni tazarar ba ta da yawa. Ranar da kika dawo da sauran ƙarfinki, faɗuwa ta ashirin abin dariya ce. Ranar da aka ɓata miki rai a wurin aiki, ita ce za ta sa ki rufe kwamfutar da ƙarfi. Shi Foddy ɗin ya sake yin wani a 2017, Getting Over It, na mutumin da ke cikin tukunya yana hawan dutse da guduma, inda kuskure ɗaya zai iya mayar da mutum farko bayan wahalar sa'o'i. Za ki gan shi a jerin wasannin ban dariya da yawa. Dariyar ta masu kallo ce, mai bugawa kuka yake. Kada ki kusance shi yanzu.

Goat Simulator kuma, wanda na san za a ambata miki: kamfanin Coffee Stain na Suwidin ya fara shi da wasa, bidiyonsa ya bazu, suka sake shi ranar 1 ga Afrilu 2014, kuma da gangan suka bar tangarɗar da ba ta kashe wasan. Akuya ce mai harshe mai danƙo tana tunkuyin duk abin da ta gani. Ƙanenki mai shekara 17 zai so shi. Ni dai bayan sa'a guda na ƙoshi, domin ba wanda ke ƙoƙarin hana ki ɓarnar, kuma ɓarnar da ba mai jin zafinta ba ta da daɗin kallo. Da ba don mai lambun ya damu da manjagararsa ba, da dinyar ma ba ta ba kowa dariya ba.

Ranar hutu, ku uku

A nan ba na jinkiri, Overcooked ne. Mutum biyu suka yi na farkon a Ingila, ya fito a 2016, na biyu ya biyo a 2018. Har mutum huɗu ke bugawa a allo ɗaya. Ku masu girki ne a kicin, oda na shigowa, lokaci na tafiya. Aikin kansa ba wuya: yanka albasa uku, zuba a tukunya, jira ta nuna, zuba a faranti, miƙa, wanke farantin da ya dawo. Kicin ɗin ne ba ya zama lafiya. Wani a kan jirgin ruwa yake, tebura na zamewa in igiyar ruwa ta kaɗa. Wani a bayan motoci biyu ne da ke rabuwa suna haɗuwa a kan titi, wuƙa na wannan, tukunya na waccan. Wani a kan ƙanƙara.

Abin da na gani sau da yawa shi ne, minti biyar na farko kowa na ladabi. Daga nan wani zai manta tukunya a wuta, ta fara ƙara, ta kama, wanda ya ɗauko abin kashe gobara ya tsaya yana fesa wa bango, wani na ihun "faranti, faranti!" alhali farantin na hannunsa. Mafi yawan dariyar ba a allo take ba, a ɗakin take. Amma fa wasan yana fito da halin mutum. In babban ƙanen naki mai son ba da umarni ne, ƙaramin kuma mai saurin fushi, ki raba musu aiki tun kafin a fara, kuma ku bar neman taurari uku, wato cikakken maki, a kowane mataki. Na ga inda aka fara da raha aka ƙare ba a magana da juna. Za ku buƙaci hannun gem, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasa, ko da guda ɗaya ne, biyu su raba allon maɓallai, ɗaya ya riƙe hannun.

Wani da ba ya buƙatar komai sai na'ura ɗaya da littafin bayaninsa shi ne Keep Talking and Nobody Explodes na 2015. Mutum ɗaya ke ganin bam a allo, sauran na riƙe da littafin bayanin kwance shi, su ba sa ganin bam, shi ba ya ganin littafi. Sai an yi magana. "Wayoyi nawa ne?" "Huɗu." "Akwai ja?" "Akwai, a'a tsaya, biyar ne." Ga agogo na sauka. Littafin ne ya fi buƙatar karatu, musun kuwa da harshen da kuka ga dama za ku yi shi. Among Us, wanda ya fito a 2018 ya yi tashe a 2020, kyauta ne a waya, amma ku uku kun yi kaɗan, daɗinsa sai an kai mutum bakwai ko takwas da suka san juna, don abin dariyar shi ne ganin wanda kika sani da gaskiya yana shirga ƙarya.

Waɗanda barkwancinsu ke cikin magana

Ban ce ki guje su ba. Kin ce kina karatu ba laifi, kuma kusan dukansu ana iya kunna musu rubutun magana a ƙasan allo. Wannan shi ne abu na farko da za ki nema a saituna.

Portal 2 na kamfanin Valve, 2011, shi ne wanda nake nuna wa ɗalibai in ana zancen rubutu. Wasan warware matsala ne, kina da bindigar da ke buɗe ƙofa biyu a bango, ki shiga ta wannan ki fita ta waccan. Masu rakiyarki biyu ne: GLaDOS, kwamfutar da ke zaginki cikin ladabi da murya mai sanyi, gwanar gatse da baƙar magana, da Wheatley, ɗan dunƙulen mutum-mutumi mai surutu wanda wautarsa ta fi ƙarfinsa amma yana ganin kansa mai dabara. Tun a farko akwai wurin da Wheatley zai ce ki yi magana ya ji ko ƙwaƙwalwarki lafiya. Allo ya nuna miki maɓallin da za ki danna don yin magana. Kina dannawa sai ki yi tsalle. Irin wannan barkwanci fim ba zai iya yin sa ba, don da yatsanki aka yi shi. Kuma in kin lura, yawancin maganganun ana sakin su ne lokacin shiga ɗaki ko bayan kin warware matsala, lokacin da hankalinki ba ya wani wuri. Matsala biyu: Wheatley na zuba da sauri, kuma wasan ta idon mai wasa ake gani, wanda ke sa wasu jiri. Tsohon wasa ne, yawancin kwamfutocin yanzu na ɗaukarsa.

The Stanley Parable, na Davey Wreden da William Pugh, 2013, zai fi sauƙi a kunnenki, domin mai ba da labarin a natse yake magana. Kuma tunda aiki ne ya gajiyar da ke, wataƙila ya sosa miki inda ke ƙaiƙayi. Stanley ma'aikaci ne mai lamba 427, aikinsa danna maɓallin da aka ce ya danna. Wata rana kowa ya ɓace daga ofis. Kina tafiya, murya na ba da labarin abin da kike yi, har ki iso ƙofa biyu, muryar ta ce Stanley ya bi ta hagu. To, in kika bi ta dama fa? Duk wasan a kan wannan gardama yake. Muryar za ta lallashe ki, ta yi fushi, ta yi miki magiya. Ki shiga ɗan ɗakin ajiye tsintsiya ki ƙi fitowa, ki ji yadda za ta ƙare da ke. Akwai ma lambar yabo da ba a samu sai an yi shekara biyar ba a kunna wasan ba. An faɗaɗa shi a 2022 da sunan Ultra Deluxe. Wannan na zaman ke kaɗai ne, yaro ɗan shekara 11 ba zai ga abin dariya a ciki ba.

Tsofaffin hannu za su ce miki The Secret of Monkey Island na 1990, na Ron Gilbert da abokansa, kuma suna da gaskiya. Saurayi ne da ya ƙudura zama ɗan fashin teku, kuma faɗan takobi a wasan da baƙar magana ake cin sa, a jefe ki da zagi ki zaɓi amsar da ta dace. Yana fahariyar zai iya riƙe numfashi minti goma, kuma akwai wurin da in kika bar shi a ƙarƙashin ruwa fiye da haka, da gaske ya nutse. Illarsa ita ce wasa da kalmomi ya yi yawa, kuma mutum na iya maƙalewa a wuri ɗaya har dariyar ta huce. Return to Monkey Island na 2022 yana da littafin taimako a ciki, ya fi dacewa da sabon shiga. Thank Goodness You're Here! na 2024 kuwa ana yabonsa sosai, amma da karin harshen arewacin Ingila aka yi shi, kuma akwai barkwancin manya a ciki. Ki bar shi tukuna.

Kafin ki sauke komai

Ki riƙa duba alamar shekaru. Tsarin Turai, PEGI, yana sa lamba 3, 7, 12, 16 ko 18. Na Amurka, ESRB, yana sa harafi, E na kowa, T na matasa, M na manya. Zane mai kama da na yara ba ya nufin wasan na yara ne, kuma a fannin ban dariya ne aka fi samun wannan ruɗani, don da yawa batsa da ashar suke ɗauka barkwanci. A shafin kowane wasa akwai bayanin ƙarfin kwamfutar da yake buƙata, ki sa ƙanen naki ya gwada shi da taki. In a Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, kika saya, ƙa'idarsu ita ce ana mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a buga ya kai sa'a biyu ba. Sa'a biyu ta isa ki san ko abu zai ba ki dariya. Kuma kada ki kalli bidiyon wasu suna buga wasan da kike niyyar bugawa, musamman masu rubutaccen barkwanci, don in kin riga kin ji shi ya tashi aiki.

Abin da ba zan iya yi ba shi ne in lamunce miki dariya. Na ga wanda Stanley ya kwantar da shi, na ga wanda ya buga minti ashirin ya tambaye ni yaushe za a fara wasan. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni kaina na fi karkata ga ƙeta mai sanyi irin ta dinya fiye da hayaniya, kuma shawarata ta bi wannan son rai. Haka kuma wasa na sauke gajiyar yini ne kawai. In cunkushewar ran nan ta daɗe, ta fara taɓa barci ko cin abinci, wannan ya wuce fagena, ki samu wanda kika yarda da shi ko likita ku yi magana.

Daren farko dai ki kunna dinya ke kaɗai, ki ƙara sauti, kada ki damu da takardar ayyuka sai kin gama zagaya lambun. Ranar hutu ki kawo Overcooked, ki ba ƙaramin wankin faranti don shi ne aikin da ba ya ƙonewa. Stanley ki ajiye shi sai ranar da wani ya ba ki umarnin da bai da kan gado a wurin aiki. Kuma in kin matsa wa mai lambun nan har ya ɗauko allon hana dinya shiga zai kafa, kada ki yi gaggawar danna kukan, ki bari sai ya ɗaga guduma.